Mantuwar da Gumur Bai Yi Ba

Akwai wata magana da kuke yi a gidan nan tun kuna ƙanana, yanzu kuma na ji har 'ya'yanku sun ɗauka. In wani ya bar buta a bakin titi, ko aka aike shi kasuwa ya dawo babu gishiri, sai ku ce ya yi ta Baba Gumur, ku bushe da dariya. Ni ma na taya ku dariyar shekara da shekaru. Abin da ba ku lura da shi ba, uwarku ba ta taɓa yi ba ko sau ɗaya. Ke Rabi, ke ce babba, ki tuna da kyau ki gani ko ƙarya nake. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa ruwan wankana yana kan wuta, don haka zan faɗa muku inda maganar ta samo asali.

Na zo Tamanrasat, nan Aljeriya, daga Damagaram a bayan kamiyo, babbar motar kaya, kamar kowa, na kama aikin gini. Abin da ya bambanta ni da sauran leburori shi ne na yi lekkol, makarantar boko, har aji shida kafin jarrabawa ta kayar da ni. A shantiye, wato wurin da ake gini, duk takardar da ta shigo ni ake miƙa wa. Daga karanta wa mutane wasiƙa sai na ce ku zo in koya muku, ku bar damuna. Na kafa rumfar kwano a jikin ɗakinmu, can gefen gari inda 'yan Nijar ke zama, na shafa wa wani tsohon ƙyaure baƙin fenti ya zama allo, guntayen filasta suka zama alli. Muna zama ranar Alhamis da la'asar da Juma'a bayan an sauko, don a lokacin su ne ranakun hutu a ƙasar. Darasina na farko bai taɓa canzawa ba: sunanka, sunan ubanka, garinku. Nakan ce musu wanda ya iya rubuta ukun nan, ko gawarsa aka tsinta a hamada za a san inda za a aika. Suka sa mini suna Mushe, kamar yadda ake kiran malaman lekkol a gida. Ba zan ɓoye muku ba, sunan ya fi mini kuɗin gini daɗi.

Gumur yana cikin waɗanda suka fara zuwa. Dogo ne, mutumin Agadas, yana lodin yashi a mota. Uwarsa 'yar Abalessa ce, shi ya sa yake da takardun Aljeriya, abin da ni da sauran ba mu da shi. Ya yi karatun allo, Larabci a bakinsa kamar ruwa, amma baƙaƙen Faransanci sun ba shi wuya. Sai ya fara rubutu daga dama, in kama hannunsa in mai da shi hagu, in juya baya ya koma dama. Na sha ce masa raƙumi ma da an koya masa haka da ya gane. Sai ya yi murmushi ya gyara rawani. Ba shi da mata a lokacin, don haka da na je gida na ɗauko uwarku Hajara, kwanonsa ya shiga cikin namu. Ita ke masa wanki, shi ke kawo mana dabino da gawayi in ya je wajen dangin uwarsa.

Shekarar da aka haifi Rabi, wani dattijo ya zo rumfata ya zauna a ƙasa tare da leburori har muka tashi. Alhaji Bubakar ke nan, tsohon mai raba wasiƙu da ya yi ritaya, babu ƙofar da bai sani ba a garin. Shi da wasu tsofaffin malamai da wata ungozoma sun kafa ƙungiya ta sa kai, ba mai biyan su, don koya wa manya karatu. Gwamnati kuwa ta ware kuɗin yaƙi da jahilci, tana ba da aji a lekkol bayan yara sun tashi, da littattafai, da alli na gaske, da ɗan abin sabulu ga malami. Abin da ba ta da shi shi ne mutane. Ba ta san yadda za ta fito da magidanci mai furfura ta zaunar da shi a bencin yara ba. Wannan aikin ta bar wa ƙungiya.

"Gwamnati na da ɗaki, mu muna da ƙafa," in ji shi. "Ɗana, wannan aikin naka ya fi ƙarfin rumfa. Ka kawo su lekkol."

A ranar ban ci tuwo da kyau ba don murna. Na riga na ga kaina a gaban allo na gaske, cikin farar rigar nan da malaman ƙasar ke ɗorawa a kan tufafinsu. Bayan mako guda Alhaji ya dawo yana sosa gemu. Dokar ta ce malami sai ɗan ƙasa, karatu kuma da Larabci za a yi. Ya tambaye ni ko cikin mutanena akwai mai takardu da ya iya Larabci. Da bakina na ce akwai Gumur. Na faɗa ne ina ganin suna kawai za a ara, ni zan ci gaba da riƙe alli. Rajista ma haka take, 'yan ƙasa kaɗai ake rubutawa. Aka samo mutum goma sha huɗu masu takardu, makiyaya da fari ya koro gari da wasu masu gadi, aka rubuta su, aka ba su bencin gaba. Mutanena, su wajen ashirin, suka zauna a baya ba suna ba lamba. Diraktan lekkol ya sani, ya kau da kai. Sharaɗinsa ɗaya ne, duk ranar da mufattishi zai zo, wato mai duba makarantu na gwamnati, kada ya tarar da kowa a bencin baya. Shi zai gaya wa Alhaji, Alhaji ya gaya wa Gumur, Gumur ya gaya mini, ni kuma in bi shantiye shantiye in ce kowa ya yi zamansa a gida. Ni kaɗai na san inda kowannensu ke aiki da inda yake kwana. Sau biyu muka yi haka, aka wuce lafiya.

To, aro ya zama gado. Aka ba Gumur makullin aji, ya rataya shi a wuya da igiyar fata. Aka ba shi farar riga. Na zaci zai tsaya yana in-ina ya juyo ya neme ni, sai ga shi Allah ya ba shi baiwar abin. Ba ya tsawa, ba ya gaggawa, yakan durƙusa a gaban tsoho ya kama masa yatsu kamar yadda na kama nasa, amma shi ba ya kawo zancen raƙumi. Mutanen gari suka fara ce masa Shaihu, yadda suke ce wa malamansu. Wannan bai dame ni sosai ba. Ranar da na ji ɗaya daga cikin nawa, wanda ni na fara nuna wa yadda ake riƙe alƙalami, ya ɗaga hannu ya ce "Shaihu" ya tsallake ni ina zaune kusa da shi, ranar ce abin ya fara ci mini rai. Aikina ya koma goge allo, da raba alli, da fassara wa na baya da Hausa in Larabci ya yi musu nauyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba kuɗin nake ƙyashi ba, Allah ya sani, don gini ya fi shi kawowa. Rigar nake ƙyashi, da makullin, da yadda ake miƙewa in ya shigo. Hassada ce tsagwaronta, kuma a lokacin da wani ya faɗa mini haka da mun yi dambe.

Cikin na baya akwai Ɗan Tanko, mutumin Maraɗi, ya ba hamsin baya. Haƙar masai yake yi. Babu wanda ya kai shi naci, yana zuwa da littafinsa a naɗe cikin leda kamar laya. Wata rana muna tafiya gida ya gaya mini dalili. Shekara bakwai yana aika wa matarsa cewa kanti gare shi a Tamanrasat. Yana so ya gaya mata gaskiya kafin wani ya riga shi, amma masu rubuta wasiƙa na bakin kasuwa duk 'yan gida ne, abin da ka faɗa musu da safe kafin azahar ya kai tasha.

"Da hannuna nika so in rubuta mata, Mushe," ya ce. "In ta yi kuka, ta yi shi tsakanina da ita. Ko malamin da za shi karanta mata, ita za ta zaɓa."

A lokacin da nake ba ku labari ya iya haɗa kalma huɗu biyar, Gumur ya ce in ya ci gaba haka kafin azumi zai rubuta wasiƙarsa.

Wata Talata da rana na dawo cin abinci na tarar da Gumur a tsakar gida. Hajara ta wanke farar rigar, ta sa mata bula, ta goge da dutsen guga na gawayi har tana ɗaukar ido. Ya saka yana juyawa, ita kuwa tana goye da Rabi tana gyara masa wuya.

"Malam, dubi yadda ta zauna mishi," ta ce da ni. "Sai ka ce da ita aka haife shi."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, uwarku ba ta san mugun nufi ba. Amma ni rigata ta aiki tana jikina, siminti ya daskare a kafaɗa, ban tuna ranar da aka yi mata guga ba, don wa ke goge rigar lebura? Gumur ya zauna muka sa hannu a kwano ɗaya. A nan ya ce jibi Alhamis mufattishi zai zo, kuma wannan zuwan ba kamar na baya ba ne, zai duba aikinsa ne don a ba shi takardar zama cikakken malami, a kuma bar wa ƙungiya ajin na wasu shekaru.

"Mushe, ka hwaɗa ma mutanenmu su yi haƙuri ran nan. Kar ka bar ko guda."

"Na ji," na ce.

Talata da yamma ban je ba, na ce da sauran lokaci. Laraba na tashi da niyya, na bi ta shantiyen farko, na ga mutum huɗu daga cikinsu suna cuɗa siminti, muka gaisa, suka ce sai gobe a lekkol, na ce Allah ya kai mu. Kun ji. Ba mantawa na yi ba, maganar tana kan harshena na haɗiye ta. Ga abin da na gaya wa kaina, don mai hassada ba ya rasa hujja. Na ce sau biyu ana ɓoye mutanena kamar kayan sata, ana nuna goma sha huɗu ana cewa aikin Gumur ne. Bari babban ya zo ya ga ɗaki cike, ya tambaya wa ya tara waɗannan, in miƙe in ce ni ne, daga rumfar kwano na taso da su. Har na shirya jawabin da Faransanci, ina maimaita shi ina ɗora bulo. Na ga mufattishin yana miƙo mini hannu. A ƙarƙashin wannan kuwa akwai wata 'yar murya da ke cewa in ma abin ya ɓaci, ai ba takardarka ba ce. Wannan muryar ita ce ta gaskiya.

Ranar Alhamis na riga kowa zuwa, na sa rigar Juma'a. Gumur ya buɗe ƙofa, na gaba suka zauna. Sai ga nawa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, sun yi wanka, kowa da littafinsa. Gumur yana rubuta kwanan wata a allo, ya juyo ya gan su. Ni ya duba, kallo ɗaya, ba na fushi ba, irin kallon da mutum ke yi wa tsani in ya ji ya motsa a ƙarƙashinsa. Ya buɗe baki zai sallame su ke nan muka ji takalma a baranda.

Mufattishin ɗan gajeren mutum ne mai tabarau, daga arewa aka turo shi. Dirakta da Alhaji Bubakar suna bayansa, na ga fuskar Alhaji ta sauya tun daga bakin ƙofa. Mufattishin ya karɓi rajista ya kira suna goma sha huɗu, aka amsa. Ya ɗaga kai ya dubi sauran ɗakin, ya daɗe yana kallo. Sai ya nuna Ɗan Tanko, wataƙila don ya fi kowa tsufa, ya ce ya zo ya rubuta abin da ya iya. Ɗan Tanko bai san komai ba, murna ce ta kama shi. Ya tashi ya goge hannu a riga, ya karɓi alli, ya rubuta abin da na koya masa tun a rumfa, da baƙaƙen da Gumur ya koya masa. Sunansa, sunan ubansa, sa'an nan Maraɗi, Nijar. Ya juyo yana murmushi yana jiran a yaba.

Kuma an yaba. Mufattishin ya ce hannunsa ya yi kyau, ya ce ya koma ya zauna. Sa'an nan ya cire tabarau ya murza idanu, ya yi magana a hankali, ba da mu ba, da Alhaji.

"Ya Alhaji, kana tsammani ban san bencin baya na ɗumi ba duk zuwan da nake yi? Ɗumin benci ba a rubuta shi a rahoto. Wannan kuwa a allo yake, a gaban dirakta, a gaban mutum talatin. Me ya sa kuka sa na gani?"

Wannan ne lokacin jawabina. Ban ko motsa ba. Alhaji ya juyo ya dubi Gumur, ya dube ni, ya tambaya cikin Hausarsa ta koyo a ina saƙo ya tsaya. Kafin in ja numfashi Gumur ya amsa.

"Ni na mance, Alhaji. Hankalina ya tafi wajen riga, ban hwaɗa ma Mushe ba."

Mufattishin bai kira jandarma ba, Allah ya saka masa, bai ma rubuta sunan kowa ba. Amma rahoto ya tafi cewa ƙungiya ta shigar da waɗanda ba a yi kasafi da su ba. Cikin mako biyu aka karɓe ajin. Gumur ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙa wa dirakta makulli, takardarsa kuwa ba ta fito ba, ba ta kuma sake fitowa ba. Goma sha huɗun aka ce su tafi wata lekkol a ƙarshen gari, uku suka je, su ma suka bari, don can babu mai bin su gida in sun yi fashi. Alhaji Bubakar ya yi shekara yana hawa buro, ofisoshin hukuma, yana sauka kafin a sake ba ƙungiyarsa ɗaki, shi ma da sharaɗin a duba takardar kowa a bakin ƙofa. Na sake kafa rumfata, na yi wa ƙyauren sabon fenti, ina cewa ai ga Mushe ya dawo. Ba wanda ya zo. Hukuma ta ga fuskokinsu a ɗaki ɗaya, tsoro ya shige su, wasu ma sun bar garin. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni nawa ruwan ya doki kowa.

Ana gab da azumi Ɗan Tanko ya zo ya same ni a rumfar ni kaɗai. Ya kawo takarda da ambulan. Ya ce abin da ya koya ya fara zubewa, kuma akwai mai tafiya Maraɗi gobe. Na ce ya faɗi gaskiyar in rubuta, ai ni na riga na sani. Ya girgiza kai.

"A'a, Mushe. Wagga magana ba ta hannun wani ba ce. Rubuta mata kanti na tafiya lafiya lau."

Na rubuta. Da kyakkyawan rubutun nan nawa da nake taƙama da shi na rubuta. Bayan shekara biyu ciwon ƙirji ya kashe shi a nan garin, mu muka yi masa sutura, kuma matarsa ta aiko ƙanensa ya zo karɓar kayan kanti.

Uwarku kuwa tana tsakar gida ranar Talatar nan, da kunnenta ta ji. Ranar da labari ya bazu cewa Shaihu ya yi mantuwa, na shigo tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, ina nan sa'ad da ya faɗa maka."

"Na sani."

"To. Ni ma ina so ka san na sani."

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Ta ci gaba da zuba wa Gumur tuwo, amma daga ranar nama mafi girma a kwanonsa yake sauka, ina gani.

Maganar mantuwa shi ya fara ta da kansa. Duk inda aka tambaye shi sai ya dafa rawani ya ce kansa rariya ne. Leburori suka ɗauka, ta shiga unguwa, ta shigo gidan nan, kuka tashi kuka same ta. Ya koma Abalessa ya kama lambun dangin uwarsa, yana zuwa mana da dabino, kuna hawa kafaɗarsa kuna ce masa Baba mai mantuwa, yana dariya har da hawaye. Kuna tsammani ganin haka ya wanke mini zuciya? Sai dai in muku ƙarya. Wani sabon ƙyashin ya dasa mini. Na raba shi da riga da makulli, sai ya tashi da abin da ya fi su, kuma wannan ba mufattishin da zai karɓe. Sau ɗaya na yi yunƙurin yi masa maganar, a lambunsa, shekara guda kafin rasuwarsa. Na ce Gumur, ranar Alhamis ɗin nan. Ya ɗaga buta sama ya tsiyayo shayi, ya miƙo mini kofi ya ce in sha kafin ya huce, sa'an nan ya shiga ba ni labarin wata rijiya da ta ƙafe. Ko damar neman gafara bai bar mini ba, kuma har yau ban san ko tausayi ne ko hukunci ba.

Don haka ga abin da nake roƙon ku. Ku bar faɗin wannan magana, ku hana 'ya'yanku. Mutumin da kuke wa dariya bai taɓa mance saƙo ba a rayuwarsa. Ya faɗa mini ranar Talata, hannunmu a kwano ɗaya, ya ce kar in bar ko guda. Ni ma ban manta ba. Na tuna ranar Talata, na tuna ranar Laraba, na tuna ranar Alhamis ina sa rigar Juma'a, kuma ubanku ne ya ce musu Allah ya kai mu.